Jar Fitila a Grimsby

Shida saura na asuba na tashi daga aikin dare,
hannuwana na ƙanshin sabulun gidan tsofaffi.
Na murɗa makulli, Kwarolata ta yi tari ta kama,
sai ga 'yar jar fitila a allo,
akwati mai ƙaho biyu, tarawa da ɗebewa,
kamar lissafin 'yan aji ɗaya.

Na ce mata, ke, ba yau ba.
Kuɗin haya na jirana ran Juma'a,
takalmin Zulaihat ya buɗe baki,
ki bari wata ya mutu tukuna.
Ba ta ce uffan ba, ta dai kafe ni da ido
tun daga titin Cleethorpes har ƙofar gida.

Gareji suka ce fam sittin
kafin ma a ɗaga bonet.
Na juya shi zuwa naira, na nemi wuri na zauna.

Sai na kira Yaya Nafi'u a Panteka,
ga ƙarar guduma, ga wani na ciniki a bayansa.
Ya ce, batir bai mutu ba, ƙorafi yake,
ana ɗiba a rumbu, ba a zubawa.
Uku ne: fambel, kan batir, ko altaneta.
Fara da mai araha, ki yi addu'a kar ya zama na ukun.
Kina da mita?

Ina ni ina mita.

Maureen ta gidan kusa tana shan taba a bakin ƙofa
cikin rigar barci da takalmin ruwa.
Ta shige ba magana, ta fito da wani abu cikin tsohuwar safa.
Ta Derek ce, in ji ta,
shekara bakwai ba wanda ya taɓa.
Sai da muka saya mata sabon ɗan batir ita ma.

Inji a kashe: sha biyu da ɗigo biyu.
Inji na aiki: sha biyu da ɗigo uku.
Nafi'u ya ja tsaki, ya ce sha huɗu nake nema.
Na kashe, na danna fambel da babban yatsa,
a ɗaure yake tamau, ba tsaga.
Na ɗaga jar hular kan batir,
wa zan gani!
Gari ya yi tsiri, fari-fari, shuɗi-shuɗi,
kamar an kwaɓa bula da gishiri,
maƙalin kuwa yana juyawa a hannuna kamar awarwaro.

Kina da kanwa?
Yaya, mota ce fa, ba wake ba.
Jiƙo ta, ya ce.

Kanwar da Inna ta ƙulle mini a leda uku
ran da za ni filin jirgi.
Na sa safar hannu ta wurin aiki,
sifana mai lamba goma,
baƙar waya farkon fita, ƙarshen shiga,
ya maimaita har sau uku kamar mai biya wa yaro karatu.
Na zuba, abin ya hau kumfa yana tsuwa.
Maureen ta ja baya, ta yi dariya har da tari.
Na goge da tsohon buroshin haƙori
har darma ta fito da haskenta,
na ɗaure, na shafa basilin.

Murɗa.

Sha huɗu da ɗigo ɗaya.
Na leƙa allo, ba kowa.
Nafi'u ya ce to, fam sittin ɗina fa?
Layi ya yanke kafin in ba shi amsa.

Na miƙa wa Maureen mitarta cikin safa,
ta ture hannuna, ta ce ajiye,
ya fi son a riƙa aiki da ita.

Agogon motar dai ya manta komai,
sifili huɗu na ƙiftawa.
Na sa yatsa zan saita,
na sa sha ɗaya, irin na Kaduna,
na ɗan bar shi haka
kafin in rage awa guda.